Husufi a Kan Farin Yadi

Ido ɗaya ya rage wa Baba, kuma shi ɗin yake neman ya miƙa wa rana da hannu biyu.

Na hagun ya mutu tun ban yi wayo ba. Na daman kuma yanar ido ce ta yi ta rufe shi a hankali, har sai da muka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Ranar da aka cire bandeji, malamar asibitin ta ja ni gefe ta jero min dokoki: kada ruwa ya shiga, kada ya murza, kada ya sunkuya, sallah ma a kan kujera tukuna. Har na juya zan tafi ta sake kamo gyalena.

"Kin ji ana cewa za a yi husufin rana a ƙarshen makon nan? Ko da wasa kada ya ɗaga kai. Baƙin tabaraun da muka ba shi ba ya tare rana. In ya ƙone wannan idon, ba mu da wani a ajiye."

Na ce mata to, cikin sauƙi, kamar wadda ta manta waye ubanta.

Baba shi ne ladanin masallacin da ke ƙarshen layinmu, tun kafin a haife ni. Gidana ya dawo jinya saboda ni ce auta, kuma ni ce mai zama wuri guda, don shagon ɗinkina a ɗakin gaba yake, mai kallon titi. Ina taka keke, ina ɗiga masa magani, ina sa masa ido. Sa idon ya fi ɗinkin wahala, domin tsakanin Baba da husufi akwai tsohuwar jiƙaƙƙa.

Shekarun baya rediyo ya taɓa cewa za a yi husufi. Baba ya fito da hantsi ya dubi sama, ya ga rana ta dushe kamar tsohon faranti. Bai tambayi kowa ba, ya kunna lasifika ya kira mutane sallah. Makanikai suka fito daga ƙarƙashin motoci da baƙin mai a hannu. Mai aski ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, shi ma mai rabin kan ya biyo shi da tawul a wuya. Aka yi sahu. Liman ya fito ya dubi ƙasa, ya dubi inuwar mutane, ya ga rana lafiyarta ƙalau, tana dukan kowa yadda ta saba. Ashe husufin a wani ɓangaren duniya aka yi shi, ba a samanmu ba. Duhun da Baba ya gani a cikin idonsa yake, kuma ranar ce muka fara sanin yana ta kama shi.

Liman mutum ne mai kara. A hankali ya ce ba a yin wannan sallar don an ji labari, sai abin ya faru a kan mutane. Jama'a suka watse suna danne dariya, ban da mai rabin kai, wanda bai danne komai ba. Daga bakinsa sunan ya fito: Mai Husufi. Mu 'ya'yansa ma mun sha ba da labarin muna riƙe ciki. Baba bai taɓa yin dariyar ba ko sau ɗaya, kuma sai da na girma sosai na lura da hakan.

Don haka da Liman ya zo duba shi ya ce ya huta, wani zai yi kiran in abin ya tabbata, Baba ya gyara zama.

"Ni zan kira, Malam. Kuma sai na gani da idona."

"Shaidar mutanen kirki ta isa, Ladan. Ka fi ni sani."

"Na sani. Amma wancan karon da kunne na fara, ka ga inda ya kai ni."

Liman ya dube ni, na dube shi. Ya ce to, za su jira shi, amma ba za su bari lokaci ya fita ba.

Ni kuwa abin ya shiga raina. Ban taɓa yin wannan sallar ba, ban ma taɓa ganin ana yi ba, kuma ni mutum ce da in abu ya tsaya min sai na tone shi har gindi. Ga kuma dabara: muddin bakin Baba yana aiki, ƙafarsa ba ta nufar ƙofa. Sai na riƙa jefa masa tambaya ina ɗinki.

"Wai Baba, tunda masana sun faɗi lokacin, me zai hana a yi sahu kawai a jira?"

"A jira a yi sahu, ba laifi. Amma ba a tayar da kabbara sai ta fara kamuwa. Lissafi yana gaya miki ki shirya ne, ba ya yi miki alwala."

"In gajimare ya rufe fa, ba wanda ya ga komai?"

"Sai kowa ya koma sana'arsa."

"In mutum yana barci, ya tashi ya tarar ta washe? Ya rama?"

"Ya rama me? Ba a rama ta. In ta washe ta tafi, sai wani jiƙon, in da rabo."

Na tsayar da keke. "To in ana cikin sallar ta washe?"

"Sai a ƙarasa, a sassauta. Ke Auta, ɗinki kike ko shari'a?"

Amma daɗi yake ji, na gani a bakinsa. Shi da kansa ya ƙara min da abin da ban tambaya ba. A karatun da suka yi wurin malamansu, in ji shi, lokacinta daga ɗagowar rana ne zuwa zawali, wato sa'ad da rana ta gota tsakiya. Wasu malaman kuma sun ce duk lokacin da aka gani a yi, ko bayan la'asar ne. Bai ce wani ya yi kuskure ba, amma masallacinsu a kan na farkon yake. Husufin da ake jira kuwa, in ji masu lissafi, gab da tsakar rana zai kankama. Wato ƙofar da Baba zai bi ya wanke sunansa 'yar ƙarama ce, kuma ya san da haka.

Akwai abin da ke cina a kwanakin nan, gara in faɗe shi. Tun da aka buɗe idon, Baba yake kallon duniya kamar baƙo. Ya karanta allon shagon da ke tsallaken titi da ƙarfi, har lambar waya. Ya gano tsagar da ke bangona, ya gano agogona yana latti, ya gano ƙadangare a kan katanga. Ni da nake tsaye a kansa da kwalbar magani safe da rana da yamma, bai taɓa tsayawa ya dube ni ba. Ina ɗiga maganin, idon yana leƙen ƙofa ta gefen kunnena, yana neman sama. Na ji haushi ƙwarai, irin haushin da babba ke jin kunyar faɗa.

Sai kuma maigidana. Direban motar burodi ne, mutumin kirki, amma a cikin gida Sai-Gobe nake kiransa, kuma ya ci sunan. Lokacin da za a rufa shagona tsohon kwano ya sayo, mai ramukan ƙusa ko'ina, ya ce gobe zai toshe su. Da damina robobi nake jerawa a kan teburin yanka. In rana ta take kuma, ɗige-ɗigen haske ne ke zubowa a kan yadi, zagaye-zagaye kamar an watsa maɓallai, su hana ni ganin layin alli. Shekara da shekaru ina zagin ramukan nan, shi kuma yana ba ni haƙuri da gobe.

Ranar husufin bai fita aiki ba. Da sassafe ya shigo yana murmushi, da wani baƙin gilashi da ya aro wurin mai walda.

"Baba, ga magani. Da wannan ko wuta ka kalla ba abin da za ta yi maka."

Na karɓe gilashin kafin hannun Baba ya kai, na jefa a aljihun keke na murɗa makulli.

"Malamar asibiti ba ta ce ban da gilashin walda ba. Cewa ta yi kada ya ɗaga kai."

"Ai na ɗan lokaci ne, kamar ƙiftawa..."

"Idonka biyu, Direba. In kana da na kyauta ka ba shi ɗaya, sai ya kalla da shi."

Baba ya bi makullin da kallo. Tun hantsi ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, ya zauna da sandarsa a kan cinya. Na ja kujerarsa can ƙuryar shago, na jawo keken na tare ƙofar titi, na shimfiɗa farin yadin rigunan makaranta a kan tebur na fara zana alli. Sai-Gobe ya tsaya a bakin ƙofa yana duba waya.

Can ya ce, "Baba, ya fara fa."

"A ina?"

"Ga shi nan sun rubuta."

"A wayarka ya fara kenan. Allah ya ba ta lafiya."

Muka ci gaba da zama. Titi yana nan yadda yake, masu babur suna wucewa, mai gyaran rediyo na kusa da mu yana ta ƙara da rage murya. Sai dai a hankali hasken ya soma canzawa. Ba duhu ba ne, wani irin laushi ne, kamar an surka rana da ruwa. Zafin da ke saukowa daga kwano ya ragu. Baba ya ji a jikinsa, na ga yatsunsa suna wasa da kan sanda.

"Auta, zan zaga."

Banɗakinmu a tsakar gida yake, kuma tsakar gidan ba rufi. Na san dabara ce, shi ma ya san na sani. Amma wace 'ya ce za ta hana ubanta zagawa? Na ce wa Sai-Gobe ya raka shi, ya riƙe masa hannu, kada ya sake shi. Na faɗa ne ina sane da cewa na aiki mutumin da bai taɓa iya ce wa Baba a'a ba. Suka fita, na ɗauki almakashi don kada in bi su da gudu.

Na sunkuya zan yanka, sai na ga ɗigon hasken da ke kan layin allina ba zagaye ba ne. An gutsure masa gefe. Na ce ko wani abu ne ya maƙale a ramin, na ɗaga kai na dubi kwanon, ban ga komai ba. Na dubi ɗigo na kusa da shi, shi ma a gutsure. Na gaba ma haka. Duk ɗige-ɗigen da ke kan yadin, da na ƙasa, da wanda ya faɗo a bayan hannuna, an cinye su ta gefe guda, daidai wa daida, kowanne ya koma kamar jinjirin wata. Na tsaya baki buɗe. Ƙadangare ba zai toshe ramuka duka ta gefe ɗaya ba. Tsatsa ma ba ta da wannan tsari. Sai abin ya faɗo min gaba ɗaya: ashe ɗige-ɗigen nan ba siffar ramukan ba ce, siffar ranar ce da kanta.

Na yar da almakashin na yi tsakar gida.

Baba yana tsaye a tsakiya, ko kusa da banɗaki bai je ba. Ya jingina sandar a ƙafarsa, hannunsa yana kan tabarau, haɓarsa ta fara ɗagawa. Sai-Gobe yana bayansa yana cewa, "Baba, da dai an haƙura," da muryar da ko kaza ba za ta kora ba.

"Baba!"

Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Hannunsa ya tsaya.

"Kallo ɗaya, Auta. Ɗaya tak. Ba zan sake tsayawa gaban mutanen nan da abin da ban gani ba."

"Za ka gani. Tana shagona."

"Wa?"

"Ranar. Wallahi Baba tana kan teburina, an cinye mata gefe. In ƙarya nake ka dawo nan ka kalla, ni zan cire maka tabaraun da hannuna."

Ban san inda na samo ƙarfin halin yin wannan alkawari ba. Ya tsaya jim, haɓar tana sama-sama. Abin da ya cece mu shi ne, son sanin abu da ke jikina a wurinsa na gada. Ya sauke kai ya ce, "Mu gani."

A cikin shagon ya cire tabarau, na ja masa kujera kusa da tebur don kada ya sunkuya. Ya daɗe yana kallon yadin. Sannan ya miƙa tafin hannunsa ƙarƙashin ɗigo ɗaya, jinjirin hasken ya hau hannun ya zauna. Ya matsar da hannun, ya koma kan yadi. Ya sake tarewa.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Jiya yaya suke?"

"Zagaye, Baba. Kullum zagaye suke. Shekara nawa ina zaginsu."

"Ashe rana kike zagi."

Sai-Gobe ya yi wata 'yar dariya, na harare shi ya haɗiye.

Na zaci Baba zai miƙe nan take, amma ina. Ya shiga tunani, yana shafa gemu.

"To wannan gani ne, ko shi ma labari ne? Rami ne ya gani ya gaya min."

"In ka ga fuskarka a madubi, labari ne?" na ce.

"Madubi daban." Ya sake duban yadin. "Ko da yake ba daban ba ne sosai." Ya juyo wajen maigidana. "Idon nan ya taɓa yi min ƙarya a gaban jama'a. Direba, kai me kake gani?"

"Kamar an ciji biskit, Baba."

"Ta wane gefe?"

Ya nuna. Baba ya sa na nuna nawa ba tare da na dubi hannun mijina ba. Gefe ɗaya muka nuna. Ya sa aka ɗauke yadin aka shimfiɗa takardar awo, abin bai canza ba. Ya ce a kawo murfin tukunya. A nan ne wayar Sai-Gobe ta yi ƙara, Liman ne: mutane sun fara taruwa da kansu, inuwa kuma tana ta guntulewa, Ladan zai zo ko a ba wani?

Baba ko jin wayar bai yi ba. Jinjirayen sun ƙara sirancewa, yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar yaro a gaban akwatin kifi. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran wannan kira ya manta da kiran.

"Baba, zawali," na ce. "Kai ka ce ba a rama ta."

Ya zabura ya laluɓi sanda.

Na mayar masa da tabarau, na ɗauko babbar lemar da nake fita da ita da damina, na buɗe a kansa tun daga bakin ƙofa. Na riƙe ta ƙasa-ƙasa har tana taɓa hularsa, ko ya ɗaga kai baƙin ƙyalle zai gani. Haka muka bi layin, shi yana sauri irin wanda ban san yana da shi ba, ni ina binsa da lema, Sai-Gobe yana biye da kujera a ka. A ƙarƙashin bishiyar da ke gaban shagon mai aski, ƙasa cike take da jinjirayen nan, ɗaruruwa, suna rawa in iska ta kaɗa ganye. Baba ya nuna su da sanda bai tsaya ba.

Ba a kiran sallah irin na kullum a wannan sallar, kalma biyu ce kawai ta tara jama'a. Ya kama lasifikar da hannu biyu. Muryarsa ta ɗan yi rawa a karon farko, a na biyu ta fita tas har ƙarshen layi.

"Assalatu jami'a!"

Na tsaya a bakin ƙofar mata ina kallon titi, ina jin tsoron kada wani ya yi dariya. Mai aski ya leƙo. Ya dubi masallaci, ya dubi ƙasan bishiyarsa, ya ajiye abin askin ya rufe shago. Makanikai suka fito suna goge hannu. Ba wanda ya yi dariya.

Sallar doguwa ce, ban taɓa tsayuwa irinta ba. Raka'a biyu ce, amma kowace da ruku'u biyu, har na rikice na kusa yin sujada ni kaɗai, wata tsohuwa ta riƙo ni. Ina cikin tsayuwar ina jin muryar Baba yana isar da kabbarar Liman daga kan kujerarsa, hawaye suka zubo min, kuma na bar su. Bayan sallama aka zauna ana addu'a, hasken da ke shigowa ta taga yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan.

Da muka fito mutane suka yi ta miƙa masa hannu. Wani ya ce, "Mai Husufi, yau kam ka kama shi!" Na yi saurin duban fuskarsa. Baba ya ce, "Yau kam na kama shi," ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Sannan ya matsa min mu koma shago, wai sai ya ga ƙarshen abin.

Na sake shimfiɗa farin yadin. Ɗige-ɗigen sun kusa cika, saura 'yar gutsura a ɗaya gefen. Muka zuba musu ido mu uku har suka koma maɓallansu na kullum.

"Ta washe," in ji Baba.

Sai-Gobe ya dubi kwanon ya yi gyaran murya. "In Allah ya kai mu gobe zan toshe ramukan nan."

"Kada ka kuskura," in ji Baba.

Na buɗe baki zan yi maganar damina da robobi, sai na ga ya ɗaga kai. Nan take hannuna ya kai ga lema. Amma ba sama yake kallo ba. Gyalena ya zame a hanya ban gyara ba, wani ɗigon haske kuma ya sauka a gaban goshina. Baba ya ƙura min idon nan guda ɗaya, ya matso da fuskarsa.

"Auta. Yaushe kika yi furfura?"

"Ta daɗe, Baba."

"Ba wanda ya gaya min."

Na kai hannu zan ja gyalen, ya riƙe min hannun.

"Bar shi. Tsaya nan, kada ki motsa. Rabona da fuskar nan tun kina amarya."

Na tsaya. Ga yadin mutane a shimfiɗe ban yanka ba, ga lokacin ɗiga magani ya wuce, amma ban motsa ba. Na bar shi ya kalla har ya ƙoshi.